Akuya Ba Ta Da Canji

Makonni biyu da suka wuce muna zaune a teburin mai shayi na bayan hostal ɗin maza, wajen ƙarfe goma na dare, mu biyar. Ƙarshen simista ne, kowa kuwa ya san yadda aljihun ɗalibi yake a irin wannan lokaci. Mutum uku suka haɗa kuɗin indomi biyu, mu biyun da muka rage muka ce wai mun ƙoshi. Ana cikin hira sai abokin ɗakina, wanda muke yi wa laƙabi da Farfesa saboda ba a taɓa ɗauko zancen da ba shi da ra'ayi a kansa ba, ya buga tebur ya ce, "Wallahi kuɗin nan su suka kashe mu. Kakanninmu ina ruwansu da naira? Kana da gero, ina da nono, mu yi musaya kowa ya kama gabansa. Ba tsadar kaya, ba cajin mai POS, ba a ce maka sabis ya ɗauke. Ni dai gara a koma zamanin ba ni gishiri in ba ka manda."

Kowa ya gyaɗa kai, har da mai shayin. Ni kaɗai na ce ban yarda ba. Muka yi ta ja-in-ja har aka ɗauke wuta, ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Da za mu tashi na ciro tsohuwar kalkuletata na miƙa wa mai shayi na ce ya haɗa mini kofi ɗaya da biredi a madadinta. Ya yi dariya ya ce, "Ɗalibi ke nan! Kai dai kawo kuɗi." Mutumin da ya gama gyaɗa kai minti biyar da suka wuce.

Tun daga daren nan maganar ta tsaya mini a rai, domin ba Farfesa kaɗai ke faɗin ta ba. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani za ka ji ana cewa kuɗi ne tushen masifa, da babu su da an zauna lafiya. Ni kuwa na ga kasuwar da kuɗi suka ɓace daga cikinta da idona, gani kuma ya kori ji.

Abin da na gani a 2023

A ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar cewa zai sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa a cikin kusan naira tiriliyan 3.2 da ke yawo a ƙasa, kimanin tiriliyan 2.7 suna hannun jama'a, ba sa cikin bankuna. Sababbin takardun suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka mayar da tsofaffin kuɗi banki, sababbin ba su wadata ba. A watan Fabrairu tsabar kuɗin da ke yawo a duk faɗin ƙasar nan ba ta kai tiriliyan ɗaya ba. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekara.

Ba shari'ar wannan tsari na zo yi ba, wannan na masana ne. Abin da nake so in ba ku labari shi ne yadda kasuwar garinmu ta koma a makonnin nan. A lokacin na gama sakandare ina jiran admishan, ina taya Kawuna zama a rumfarsa ta hatsi duk ranar Laraba. Garin namu ba banki, sabis ɗin waya ma sai an laluba, masu POS kuwa in sun samu 'yar tsaba sai ka ba da 2,000 ko fiye a kan kowace 10,000.

Wata Laraba da hantsi wani dattijo ya zo rumfarmu janye da akuya, lafiyayya, wadda a ranar kasuwa ta ƙwarai ba za ta kasa naira 20,000 ba. Bayan sun gaisa ya ce, "Alhaji, gero nake so kwano biyar da ɗan wake. Ga akuya nan." Kawu ya ce, "Baba, ai akuyar nan ta fi ƙarfin abin da ka ambata nesa ba kusa ba, ni kuma ba ni da tsabar da zan cika maka. Ko in auna maka hatsi na kuɗinta gaba ɗaya?" Dattijon ya girgiza kai. Yana da sauran sayayya: manja, sabulu, gishiri, da kuɗin motar da surukarsa za ta je awo asibiti. Ya riga ya je kara. Masu saye da daraja sun ce sai dai taransifa, shi kuwa ko waya ba shi da ita balle asusun banki. Wanda ke da tsaba a hannu ya taya rabin kuɗinta. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Baba, akuya dai ba ta da canji. Ba dama in yanke ƙafa ɗaya in ce ga kuɗin gero, ka tafi da sauran wajen mai manja."

A ƙarshe Kawu ya auna masa geron da waken bashi, saboda ya san ƙaninsa. Ya ce in rubuta a littafi. Na rubuta, kuma da naira na rubuta. Dattijon ya koma gida da akuyarsa, ba manja, ba sabulu, ba kuɗin mota.

A ranar dai na ga wata mata da kaji biyu a hannu da yaro a goye, jikinsa zafi kamar wuta. Ta je kemis, mai kemis ya ce shi ba zai iya karɓar kaji ba, domin in ya je sari a Kano ba wanda zai karɓi kaza daga hannunsa. Ba mugunta ya yi ba, gaskiya ya faɗa. Baiwar Allah nan ta bi rumfa-rumfa tana neman wanda ke son kaji kuma yake da abin da mai kemis zai karɓa. Sai bayan la'asar ta samu wata mai sayar da abinci ta karɓi kajin a araha, ta tura wa mai kemis kuɗi ta waya. Tun hantsi har la'asar, da yaro mai zazzaɓi a baya, a kan maganin da a ranar lafiya minti biyar ya isa a sayo shi.

Masu tumatir kuwa ba a magana. Lokacin kakar noman rani ne, kwanduna jibge. Hatsin Kawu zai iya jiran wata shida a buhu, tumatir ba ya jiran jibi. Da yamma ta yi sai ka ga mai kwando guda yana roƙon a ba shi gero kwano biyu ya bar kwandon. A nan na fahimci abin da Farfesa bai lissafa ba. A kasuwar musaya wanda kayansa ke lalacewa, ko wanda buƙatarsa ba ta jira, shi ake danne wa. Mai rumbu cike da hatsi ba ya gaggawa. Talaka shi ke gaggawa.

Aikin da kuɗi ke yi mana ba mu lura ba

Bayan na shigo makaranta, a ajin farko, malamin tattalin arziki ya jero mana matsalolin musaya a allo, muka kwafa don jarrabawa. Ni dai ina kwafa ina ganin fuskokin mutanen Larabar nan.

Ta farko ita ce ta matar nan mai kaji. Kafin musaya ta yiwu, sai mai abin da kake so ya zama yana son abin da kake da shi, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. In ɗaya ya kuskure, ciniki ya mutu. Kuɗi su ne abin da kowa ke karɓa, ba don zai ci su ko ya sa su a jiki ba, sai don ya tabbata na gaba ma zai karɓa. Da su sai ciniki ya rabu gida biyu: ka sayar wa duk mai so, ka saya wajen duk mai shi.

Ta biyu ita ce ta dattijo mai akuya. Dukiya da yawa ba ta rabuwa. Akuya, keke, keken ɗinki, gona, in ka gutsura ka lalata. Naira 20,000 kuwa za ta rabu wajen mai gero, mai manja, mai sabulu da direba, har a yi ragowa.

Ta uku ita ce ma'auni. Kwano nawa na gero ne kaza ɗaya? Kaza nawa ce turmin atamfa? Turmi nawa ne buhun taki? Ku ɗauki biro ku lissafa. In kasuwa tana da kaya iri 100 kacal, kuma ba kuɗi, sai an san darajar kowane kaya a kan kowane ɗaya daga cikin sauran 99. In ka cire maimaici, farashi 4,950 ke nan mutum zai riƙe a ka. Da kuɗi, farashi 100 sun wadatar. Ko teburin mai shayinmu, in kaya goma yake sayarwa, farashi 45 zai haddace maimakon goma. Inda ma'auni ya yi yawa haka, wayayye shi ke cin riba, domin ba mai iya gane an cuce shi sai ya koma gida.

Ta huɗu ita ce ta mai tumatir. Guminka na yau kana so ka ajiye shi don gobe. Tumatir ya ruɓe, hatsi ƙwari su ci, dabba ta yi ciwo ko a sace, kuma kullum sai ka ciyar da ita. Kuɗi, in suna da lafiya, su ne rumbun da ba ya yoyo. Na ce in suna da lafiya, zan dawo kan wannan.

Kada wani ya ce wannan duk karatun Turawa ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna wannan mas'ala a cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin godiya. Ya kawo misalin mai za'afaran da ke buƙatar raƙumi, da mai raƙumin da ƙila ba ya buƙatar za'afaran, ga shi kuma ba wata alaƙa tsakanin kayan biyu da za a ce nawa ne daidai da nawa. Ya bayyana dinari da dirhami a matsayin alƙalai tsakanin dukiyoyi, ya lissafa su cikin ni'imomin Allah da ya kamata a gode wa. Ka cire raƙumi ka sa akuya, ka ga dattijon rumfar Kawu. Haka nan ya zo a Bukhari da Muslim cewa Sayyidina Bilal ya taɓa ba da sa'i biyu na dabino mara kyau ya karɓi sa'i ɗaya na mai kyau, Manzon Allah (SAW) ya hana wannan, ya umarce shi ya sayar da mara kyan daban, sannan ya sayi mai kyan da abin da ya samu. Ba wai an haramta musaya gaba ɗaya ba ne, malaman fiƙihu suna da bayani dalla-dalla a kan wane kaya da wane sharaɗi. Amma ni ɗalibin kasuwanci abin da na ɗauka shi ne, a wannan ciniki an sa kuɗi a tsakani don kada wani ya ci haƙƙin wani.

Kakannin namu ma da kuɗinsu

Babban kuskuren Farfesa shi ne zaton da yake yi wai Bature ne ya kawo mana kuɗi. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Shi ya sa har gobe in za a faɗi adadi mai yawa ake cewa wuri na gugar wuri har naira kaza. Wurin nan kuwa ba a Kogin Hadeja ko Gulbin Sakkwato ake tsintar sa ba. Daga tsibiran Maldib da ke Tekun Indiya ake kwaso shi, ya ratso duniya kafin ya iso hannun mai sayar da daddawa a ƙasar Hausa. Mutanen da suka ɗauki wahalar amfani da abin da ya zo daga wannan nisa, ai sun san amfanin da yake yi musu.

Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni mai rini da saƙa da dukanci, ana kai kayansa har bayan Sahara, kuma da wuri ake ciniki: wajen wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya. A Borno ma akwai zamanin da ƙyallen saƙi da ake kira gabaga shi ne kuɗi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro suna ratsa ƙasashen da ba su jin harshensu. Irin wannan fatauci ba ya yiwuwa in sai ka samu mai goron da ke son ainihin abin da ka ɗauko a ranar da ka iso.

Harshenmu ma ya adana tarihin. Keso shi ne wuri 20,000, kayan ɗan dako guda, wanda a lissafin zamanin Barth dala takwas ke nan kacal. Ku duba wahala: ƙato ya yi gumi da kaya a ka, abin da ya ɗauko duka ƙwandala takwas ta azurfa ta biya shi. Wannan nauyi na daga cikin abin da ya sa da kuɗin ƙarfe suka yawaita aka bar wuri. Aka shiga zamanin anini, ɗari, kobo, taro, sisi, sule da fam. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu. Shi ya sa in tsoho ya ce maka jaka ɗaya, naira 200 yake nufi, wato fam 100 na da. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma har yau da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar. Duk tsawon wannan tarihi, canjin da aka yi ta yi daga kuɗi mai nauyi ne zuwa mara nauyi. Ba a taɓa komawa baya an ce a daina kuɗi ba.

Inda Farfesa yake da gaskiya

Adalci dai shi ne in faɗi inda maganarsa ta zauna. Musaya ba ta mutu ba, kuma akwai inda take aiki lafiya lau. Ayarin Buzaye da ke zuwa Bilma da Fachi sun daɗe suna kai gero su karɓo gishiri da dabino. Wannan ya yiwu ne saboda mutanen can ba sa noman gero, masu ayari kuma gishirin suka je nema, kowa ya san abin da ɗaya yake so tun kaka da kakanni. Haka Bafillatana mai nono da matar manomi mai hatsi. Haka mu ma a hostal: ka ba ni sukari in ba ka garin kwaki, ka kunna mini data in ara maka caja. Amma ku lura, duk waɗannan tsakanin mutanen da suka san juna ne, a kan kaya biyu ko uku da ba sa canzawa. Wannan zumunci ne da maƙwabtaka, Allah Ya bar mu da su. Kasuwa kuwa wurin da za ka yi hulɗa da wanda ba ka taɓa gani ba ne, kuma ƙila ba za ka sake gani ba.

Ko musayar da muke yi yau, a kan naira take tafiya. Duk wanda ya taɓa zuwa Farm Centre a Kano canza waya ya sani. Za a ce taka ta kai kaza, wannan ta kai kaza, ka yi cikon kaza. An yi wa kowace waya kuɗi tukuna kafin a yi musayar. Bashin da ya ceci dattijo mai akuya ma da naira na rubuta shi, a ranar da ba naira ko ɗaya a aljihun kowa. Takardar ta ɓace, ma'aunin bai ɓace ba.

Wuri na biyu da yake da gaskiya shi ne zafin da ya sa shi maganar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ba sai an karanta mana rahoto ba, mun gani a farantin shinkafa da wake. Kuɗin da iyayenmu ke turo mana adadinsu bai ragu ba, abin da suke saye ne ya ragu. In kuɗi suka kama wannan ciwo, rumbun nan da na ce ba ya yoyo sai ya fara yoyo, mai hali ya gudu ya sayi fili ko hatsi ko dala, mai albashi da ɗalibi su zauna da takarda tana narkewa a hannu. Wuri ma haka ya ƙare. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai suka yi ta jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, ya yi yawa, darajarsa ta zube. A Zimbabuwe an kai ga buga takardar dala tiriliyan 100 a 2009, mutane suka guje ta suka koma dalar Amurka da musayar kaya.

To amma me wannan ke nunawa? Mutane ba sa komawa musaya don daɗinta. Suna komawa ne in kuɗinsu sun lalace ko sun ɓace, kamar yadda mai rijiyar da ta ƙafe ke komawa shan ruwan kududdufi. Maganin rijiyar da ta ƙafe yasa ne. Fushin Farfesa daidai ne, inda ya nufa da shi ne ba daidai ba. Abin da ya kamata mu nema wajen masu mulki shi ne naira mai riƙe darajarta, wadda kuma ake samun ta a hannu lokacin da ake buƙata.

Musayar dole a cikin makarantarmu

Yanzu bari in dawo gida, domin akwai wata musaya da ake yi mana kullum a harabar nan ba da yardarmu ba. Ka sayi abu na naira 450, ka ba da 500, a ce maka, "Ba canji, ɗauki alawa." Ka je fotokwafi, canjinka 30, a ce ka bari sai wani zuwan, wani zuwan kuma an manta. Ni ban fito sayen alawa ba. In na tara alawar nan guda goma na kai wa mai shagon na ce ya ba ni biro, zai karɓa? Ba zai karɓa ba. Ashe shi ma ya san alawa ba kuɗi ba ce, ni kaɗai ake so in yarda.

Wani zai ce naira 50 har wani abu ce? To mu lissafa. In ka rasa 50 kullum, kwana biyar a mako, mako 15 na simista, ka rasa naira 3,750. Wannan kuɗin motar wani ne zuwa gida. Ka ninka da yawan ɗaliban da ke sayayya a harabar nan kowace rana. Ban ce masu shaguna ɓarayi ba ne, su ma ƙananan takardu wahalar samu suke yi musu. Amma matsalar da ke da magani bai kamata kullum a ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi ita ba.

Don haka ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, musamman ofishin jin daɗin ɗalibai. Na farko, a zauna da masu shaguna da masu abinci a yi yarjejeniya: wanda ba shi da canji ya karɓi taransifa daidai kuɗin kaya ba tare da ƙarin caji ba, ko ya rubuta wa ɗalibi 'yar takardar shaida da zai karɓa a matsayin kuɗi in an dawo da ita. Na biyu, kowane shago ya liƙa farashinsa a fili. Amfanin kuɗi shi ne kowa ya san ma'auni, in farashi ya koma sai an kalli fuskarka da takalminka, an mayar da mu kasuwar Laraba. Na uku, a daidaita cajin masu POS na cikin makaranta, a rubuta a manna, kada ya riƙa tashi duk ranar da layin na'urar cirar kuɗi ya yi tsawo.

Na huɗu ya shafe mu 'yan ajin ƙarshe. Kowannenmu yana da katifa, risho, bokiti, fanka da littattafai da ba zai koma da su gida ba, ga kuɗin bugawa da ɗinke furojet sun taso. Ni kaina na gwada yi wa mai shagon buga takardu tayin katifata, ya dube ni ya ce yana da inda yake kwana. Sababbin ɗalibai kuma suna can suna sayen waɗannan kaya da tsada a gari. Me zai hana ƙungiya ta ware rana ɗaya a ƙarshen kowace shekara da farkon wata, a yi 'yar kasuwa a filin taro, kowa ya sa wa kayansa farashi? Mai katifa ya sayar wa mai son katifa, ya ɗauki kuɗin ya kai wa mai buga furojet. Aikin da aka ƙirƙiro kuɗi dominsa ke nan.

Mu ma akwai namu laifin. Ranar kammala jarrabawa za ka ga ana liƙi, ana tattake naira, ana rubutu a kanta, ana cukurkuɗa ta a jiƙe. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta wannan, hukuncinsa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun. Ko ba doka ma, ƙananan takardun da muke yagawa su ne canjin da gobe za a ce mana babu. Wanda ya ga matar nan tana yawo da kaji da yaro a baya ba zai taka naira da ƙafa ba.

Na karanta wa Farfesa wannan rubutu kafin in miƙa wa edita. Ya saurara har ƙarshe, ya ce har yanzu bai sauka ba, wai zai rubuto martani a fitowa ta gaba. Ina maraba da shi. Sai dai tun da ya ji zancen katifa yake bi na in bar masa ita, ya ba ni tsohuwar rediyonsa da takalmin ƙwallo. Takalmin ya yi mini kaɗan, rediyon kuma ba na so. Na ce masa ya je ya sayar da su ya kawo kuɗi, katifa tana nan tana jiran sa har ranar Juma'a.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu gama lafiya, Ya kuma yi wa nairarmu magani.